Ku Karanta Waƙar Kafin Ku Taka Rawarta: Jagorar Zaɓen Waƙoƙin Liyafar Aure

Shekarun baya na halarci liyafar auren wani abokina. Komai yana tafiya daidai har aka kira ango da amarya su fito fili. Mai saka kiɗa ya sako wata waƙa mai sanyi, irin wadda take ratsa jiki, jama'a suka ɗaga wayoyi ana ta ɗauka. Ana shiga baiti na biyu sai na hango wata dattijuwa daga dangin amarya ta dakata da hirar da take yi, ta karkata kai tana saurare. Ashe mawaƙin yana gaya wa masoyiyarsa ne cewa ko ta auri wani shi ne dai a ranta, kuma yana nan yana jiran ranar da za ta dawo. Ma'auratan amshin kawai suka haddace, shi kuwa amshin babu komai a cikinsa sai kalaman so. Bidiyon bikin yana nan har yau, kuma duk wanda aka nuna wa sai ya ji wannan baitin.

Kuskuren ba nasu ba ne su kaɗai. Kusan dukkanmu haka muke jin waƙa: kiɗa ya ja mu, amshi ya zauna mana a baki, baitoci su wuce ta bayan kunne. Amma a taron aure akwai mutanen da ba rawa ta kawo su ba. Suna zaune, kunnensu a buɗe, kuma galibi su ne waɗanda ba ku son ku ji kunya a gabansu. Ga yadda za ku tace waƙoƙinku kafin ranar.

Mataki na ɗaya: ku raba liyafar gida-gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara wannan aiki da saura wata guda ko fiye, ku zauna ku biyu da takarda, ku rubuta yadda taron zai gudana daga isowar baƙi har tashi. Sannan ku raba shi kashi uku gwargwadon yadda kunnuwa za su kasance a kan kalmomi.

Kashi na farko shi ne lokutan da ido da kunne duk suke kanku: shigowar ango da amarya, rawarku ta farko idan tana cikin tsari, fitowar iyaye, da waƙar rufe taro. Waɗannan ba su wuce waƙa biyar ko shida ba, amma su ne za su shiga bidiyo, su ne kuma za a tuna. Kashi na biyu shi ne kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa lokacin da mutane ke zazzaune ana gaisawa ana cin abinci. Na uku shi ne lokacin da fili ya buɗe kowa ya shiga rawa.

Lissafin yawan waƙoƙi ba shi da wuya. Yawancin waƙoƙin zamani minti 3 ne zuwa 4, wato awa guda tana cin waƙa 15 zuwa 20. Idan liyafar awa huɗu ce, kuka cire kamar awa ɗaya ta jawabai da addu'o'i da ɗaukar hoto, kuna buƙatar waƙa 45 zuwa 60. Ba dukkansu ne za ku bi da tsanani iri ɗaya ba. Na kashin farko kalma-kalma za ku bi su. Na kashi na biyu, da yake sauti a ƙasa yake kuma tsofaffi da yara duk suna nan, tsaftar harshe ce abin dubawa. Na uku ana iya sassautawa, amma ba a sakin linzami gaba ɗaya.

Mataki na biyu: ku tara, kada ku fara da tankaɗe

Kowannenku ya rubuta duk waƙar da yake so, ba tare da tunanin ta dace ko ba ta dace ba. Ku tara ninki biyu na abin da kuke buƙata, domin da yawa za su faɗi a mataki na gaba.

Mataki na uku: ku kashe kiɗan, ku karanta kalmomin

Nan ne aikin yake. Ku nemo rubutattun baitocin kowace waƙa. Manhajoji irin su Spotify da Apple Music suna nuna su yayin da waƙa ke tafiya, shafuka irin su Genius da Musixmatch ma suna ajiye su. Idan waƙar ba a rubuce take ko'ina ba, ku saurare ta da abin ji a kunne, kuna tsayarwa kuna rubutawa da hannu. Sannan ɗayanku ya karanta wa ɗayan a fili, da murya irin ta karanta wasiƙa, ba rerawa. Za ku yi mamakin yadda waƙar da kuka shekara kuna so take sauya kama idan aka tuɓe mata kiɗa.

Yayin karatun ku riƙe tambayoyi uku.

Wa ke magana, kuma da wa yake yi? Wannan ita ce tambayar da ta fi kama waƙoƙi. Mai maganar miji ne ko mai neman aure, ko kuwa wanda aka bari ne? Wadda ake yi wa maganar tana tare da shi, ko tana gidan wani? Shahararren misali shi ne waƙar "Every Breath You Take" ta ƙungiyar mawaƙan Birtaniya mai suna The Police, wadda ta fito a 1983 ta yi mako 8 a saman jadawalin waƙoƙin Amurka. Mutane da yawa sun yi rawar aurensu da ita saboda taushinta. Amma Sting, jagoran mawaƙan ƙungiyar, wanda ya rubuta ta a lokacin da aurensa na farko ke rushewa, ya sha bayyana cewa waƙa ce ta kishi da sa ido. Mai maganar cikinta mutum ne da aka rabu da shi, yake bin duk motsin matar da ido. Da a wasiƙa aka aiko wa mace waɗannan kalmomin, tsoro za ta ji.

A wane lokaci soyayyar take? Ku lura da yadda aka gina jimloli. Akwai nisa tsakanin "ina son ki" da "na so ki", tsakanin "muna tare" da "lokacin da muke tare". Kalmomi irin su "da ma", "ina ma", "tun da kika tafi", "ko da ba ni ba ne" duk alamun waƙar bankwana ce ko ta nadama. Har kalmar "har abada" ba ta isa shaida ba. Waƙar "I Will Always Love You", wadda Dolly Parton ta rubuta a 1973 kuma Whitney Houston ta sake rerawa a 1992, alkawarin so na har abada ne a takenta. Amma Parton ta rubuta ta ne domin yi wa abokin aikinta Porter Wagoner sallama lokacin da za ta bar shirinsa na talabijin, kuma tun daga baitin farko mai maganar tana sanar da cewa tafiya za ta yi. Kyakkyawar waƙa ce, sai dai ta rabuwa ce.

Yaya labarin ya ƙare? Marubuta waƙa suna son ajiye juyin labari a baiti na ƙarshe, ko a ɗan gajeren sashen nan da ke zuwa kafin amshin ƙarshe, inda karin yakan ɗan sauya. A nan ne ake gano cewa duk mafarki ne, ko masoyiyar ta rasu, ko mai maganar yana tsaye ne a bayan taro yana kallon ana ɗaura mata aure da wani. Kada ku yanke hukunci kafin ku kai layin ƙarshe. Mafi yawanmu ba mu taɓa jin ƙarshen waƙoƙin da muke so da hankali ba, saboda kafin a kai nan mun riga mun shagala.

Mataki na huɗu: abin da za ku ajiye gefe

Waƙoƙin rabuwa da na cin amana da na begen wanda ba a samu ba, waɗannan a fili suke da zarar kun karanta. Batsa ma haka, ko da yake tana da wayo: sau da yawa ba a kiran abu da sunansa, sai a lulluɓe shi da salon magana na matasa. Yara ba za su gane ba, amma kada ku ɗauka tsofaffi ba za su gane ba. Sun riga ku sanin sirrin.

Wadda na fi son in ja kunne a kanta ita ce waƙar habaici, domin ita ce mutane suke zaɓa da gangan. Akwai waƙoƙi masu zafin kiɗa da jigonsu shi ne maƙiya sun ji kunya, mahassada sun ce ba za a yi ba ga shi an yi. Suna da daɗin rawa, kuma idan an sha wahala kafin auren ya tabbata, zuciya tana son ta huce da su. To amma ku tambayi kanku: a cikin zauren nan, wa zai ɗauka da shi ake? Kawun da ya nuna shakka tun farko yana zaune a sahun gaba. Ƙawar da aka samu saɓani da ita ta danne zuciya ta zo. Gugar zana ba ta da adireshi, duk wanda ya tsargu shi ta samu, kuma yawanci ba wanda aka nufa ba ne. Ni a ganina, ranar da iyalai biyu ke haɗuwa a karon farko ba ranar rama gayya ba ce.

Haka nan waƙoƙin da ke yi wa aure kansa ba'a, masu nuna shi kamar kurkuku, ko masu cewa duk mata kuɗi suke bi, ko duk maza mayaudara ne. Abokan ango sukan so su sako irinsu da sunan raha. Rahar tana ƙarewa a teburinsu, sauran jama'a kuwa suna kallon fuskar amarya.

Sai waƙar da aka yi wa wani mutum takamaimai. Idan ana ambaton sunan wata mace a amshi daga farko har ƙarshe, ku tabbata sunan bai yi daidai da na wata da ango ya taɓa nema ba, haka ma ta ɓangaren amarya. Abin dariya ne a faɗe, amma ba abin dariya ba ne idan ƙawaye suka fara zunguri juna. Waƙoƙin kamfen ɗin siyasa, komai daɗin kiɗansu, ku bar su a gida. Idan kuma iyalan biyu ba addininsu ɗaya ba, ko fahimtarsu ta bambanta, ku duba duk waƙar da ta taɓo wannan fanni ku tabbata ba ta saka wani ɓangare a tsaka mai wuya.

Akwai kuma abin da babu wani jerin dokoki da zai gaya muku, sai ku da kuka san gidajenku, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waƙar yabon uba tana iya zama mafi kyau a wani biki, a wani kuma ta sa amarya kuka saboda nata bai daɗe da rasuwa ba. Waƙar da ke cewa "kai ne na farko a zuciyata" ba ta zauna daidai ba idan ɗayanku aure na biyu yake yi kuma 'ya'yansa suna wurin. Waƙar da ta cika maganar haihuwa tana iya sosa ran 'yar'uwar da ta shekara goma tana jira. Ba wai a cire duk abin da zai iya taɓa wani ba, hakan ba ya yiwuwa. Amma waƙoƙi biyar ɗin nan na kashin farko, ku karanta su kuna hango fuskokin mutanen da za su zauna kusa da ku.

Mataki na biyar: waƙar harshen da ba ku ji

Nan ne aka fi faɗawa rami, domin kiɗa yana tsallake iyaka amma ma'ana takan tsaya a baya. Waƙar "Macarena" ta mawaƙan Sifaniya Los del Río, wadda ta fito a 1993 ta mamaye duniya a 1996, an taka rawarta a bukukuwan aure da na yara ba adadi. Labarin cikinta kuwa na wata budurwa ce da ta ci amanar saurayinta da abokansa biyu a lokacin da aka ɗauke shi aikin soja.

Ku saka baitocin a manhajar fassara don ku san inda aka dosa, amma kada ku tsaya a nan. Fassarar na'ura tana kama ma'anar sama, tana tuntuɓe a kan karin magana da zaurance da kalma mai harshen damo, kuma a nan batsa da zambo suke ɓuya. Ku nemi wanda harshen nasa ne na gado, ku tambaye shi tambaya guda: za ka iya rera wannan a gaban mahaifiyarka? Yadda fuskarsa ta yi kafin ya buɗe baki ya isa amsa. Wannan ya fi zama dole idan auren ya haɗa mutane masu harshe daban-daban, domin abin da ku kuke ji a matsayin sauti kawai, surukanku kalma-kalma suke jin sa.

Sai dai kada tsanani ya yi yawa. Kiɗan shigowar amarya da aka fi sani a ƙasashen Turai ya fito ne daga wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Lohengrin na Richard Wagner, wanda aka fara nunawa a 1850, kuma a cikin wasan auren bai kwana ba ya watse. Babu wanda ke tuna wannan idan an kaɗa shi, saboda ba a rera kalmomin, labarin kuma ya yi nisa da masu saurare. Ma'aunin shi ne abin da mutanen zaurenku za su ji su gane, ba abin da mai binciken tarihi zai tono ba.

Mataki na shida: wace siga ce za a kunna?

Waƙa ɗaya takan zo da fuska da yawa: ta asali, wadda aka tsaftace domin rediyo, wadda aka sake haɗawa da baƙon mawaƙi, da wadda aka ɗauka a dandali. Kuna iya tantance ta asali ku ga ba laifi, a ranar biki a sako wadda aka ƙara wa sabon baiti mai ƙazanta. A manhajojin kiɗa, harafin E da ke gefen sunan waƙa yana nufin akwai zagi ko batsa a fili. Asalinsa alamar gargaɗin iyaye ce da kamfanonin kiɗan Amurka suka amince da ita a 1985. Amma rashin wannan harafi ba wankewa ba ne, tunda mawaƙi ko kamfaninsa ne ke saka shi da kansu, kuma kalmomi yake kamawa, ba jigo ba. Waƙar cin amana da aka rera da tsaftataccen harshe ba za ta taɓa samun sa ba. Ita ma sigar da aka tsaftace, sau da yawa an daƙile kalmar ce kawai aka bar gurbinta, sai matasa su cike gurbin da bakinsu a filin rawa.

Idan kuna matuƙar son wata waƙa amma baiti guda ne ya ɓata ta, kuna da mafita biyu. Ko mai saka kiɗa ya yanke baitin tun kafin ranar, abin da ba ya ɗaukar ƙwararre minti goma, ko a kunna zallar kiɗan ba murya. Yankan ma yana da wata fa'ida: minti biyu zuwa biyu da rabi sun ishi rawar ango da amarya, abin da ya wuce haka jama'a sun fara duba wayoyinsu. Zallar kiɗa kuwa tana aiki ne idan waƙar ba ta shahara sosai ba. Idan kowa ya haddace ta, cire murya bai cire kalmomin daga kawunan mutane ba.

Mataki na bakwai: me kuke nema?

An yi ta maganar abin da za a cire, to me za a bari? Ku nemi waƙar da mai maganar cikinta yake tare da wanda yake so yanzu, kuma yake kallon gaba. Jigon alkawari, godiya, haƙuri da juna, tsufa tare, addu'ar zaman lafiya. Ni na fi karkata ga waƙar da ta yarda cewa akwai wuya amma za a jure, a kan wadda ta tsaya ga yabon ido da tafiya. Yabon kyau ba laifi ba ne, amma zai dace da kowace mace a kowace rana, alhali alkawari na ranar aure ne.

Gwaji mai sauƙi: ku ɗauki layi biyu daga waƙar, ka dubi amaryarka ka faɗa mata su da bakinka, ke ma ki faɗa masa. Idan maganar ta fito ba tare da ɗayanku ya ji kamar ƙarya yake yi ba, waƙar taku ce. Idan kuma akwai waƙar da ta zama taku tun farkon haɗuwa, amma da kuka karanta ta sai ga shi ta rabuwa ce, ba sai kun yar da ita ba. Ku mayar da ita cikin kiɗan da ke tashi a hankali lokacin cin abinci, ku kaɗai ne za ku haɗa ido ku san abin da take nufi a gare ku.

Mataki na takwas: kunne na uku, sannan mai saka kiɗa

Kafin ku rufe jerin, ku ba mutum biyu su duba: babba ɗaya daga kowane ɓangare, wanda ba ya jin nauyin gaya muku gaskiya. Ba izini kuke nema ba, kuna aron kunnen da ya girmi naku ne.

Daga nan ku zauna da mai saka kiɗa, aƙalla mako biyu kafin biki, ku miƙa masa jeri uku a rubuce. Na farko, waƙoƙin da dole a kunna, kowace da lokacinta da sunan mawaƙinta da takamaiman sigarta. Ya fi kyau ku tura masa fayil ɗin kansa, domin waƙoƙi da yawa sunansu ɗaya. Na biyu, waɗanda yana iya zaɓa daga ciki gwargwadon yadda fili ya ɗauka. Na uku, waɗanda ba za a kunna ba ko wa ya roƙa. A ƙarƙashin wannan jeri na uku ku ƙara masa ƙa'ida da jimla guda, misali "ba waƙar rabuwa, ba habaici, ba batsa", saboda ba za ku iya lissafo duk waƙoƙin duniya ba.

Maganar roƙon baƙi ku yanke ta tun a wannan zama. A kowane biki sai an samu wanda zai je ya tsaya a kan mai kiɗa, waya a hannu, yana cewa a sa masa tasa, wani lokaci har da ɗan abin hasafi. Mai kiɗa ba ya son ɓata wa baƙo rai, kuma ku a lokacin ba ku da sararin kula. Ku wakilta mutum ɗaya, ƙanin ango ko ƙawar amarya wadda ta san jerin, ku nuna wa mai kiɗa shi ido da ido, ku ce duk waƙar da ba ta cikin takarda sai ta bi ta hannunsa. Shi ma mai gabatar da taro ku ba shi kwafin jerin farko, don ya san waƙar da ke biye da kowace sanarwa. A ranar kuma, kafin baƙi su fara isowa, wakilin naku ya sa a kunna masa waƙoƙin kashin farko ɗaya bayan ɗaya a kan na'urar da za a yi amfani da ita, ya saurari kowace har ƙarshenta, sannan ya tabbatar an sauke su duka a kan na'urar, ba intanet ɗin zauren za a dogara da shi ba.